Independent clause da dependent clause: yadda za ka rarrabe su ba sai ka yi ta hadda ba

Ƙannena masu shirin BEPC da masu shirin BAC a nan Tahoua, da ma duk wanda ke faman koyon Ingilishi don kanshi, wanga bayani naku ne. In ka duba takardun ɗalibai wurin da anka ce su rubuta ƴan layuka da kansu, za ka ga yaro ya san kalmomi daidai gwargwado, amma sai ya rubuta rabin jimla ya buga mata aya ya wuce abinshi, ko kuma ya jero jimla uku huɗu da waƙafi kaɗai a tsakani har layi biyar bai numfasa ba. Duka biyun ciwo ɗaya ne, bai rarrabe maganar da ke iya tsayawa ita kaɗai da wadda sai an riƙe ta ba. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, don maki ne ke zubewa a banza a kan abin da za a iya ganewa a zama ɗaya. Kuma Ingilishi yanzu ya wuce darasin neman maki, kundin mulkin Nijar da anka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ga Konni nan kusa da mu, kana tsallakawa Illela duk takardar da za a miƙo maka da Ingilishi take.

Mu fara da suna don kar mu ruɗe a hanya. Abin da Ingilishi ke kira clause shi ne mushe na Faransanci ya koya mana da sunan proposition, masu nahawun Hausa kuma suna ce mata ganga. Ganga gungun kalmomi ce mai ɗauke da abu biyu, mai aiki da aikatau, wato sujet da verbe. Wadda ke iya zama jimla ita kaɗai ita ce independent clause, ganga tsayayya. Wadda ba ta iyawa ita ce dependent clause, ganga dogarau, wasu littattafai su ce subordinate clause, duk abu guda ne. In ka taɓa yin analyse logique a kolej to ka riga ka yi rabin aikin, sai dai ka sani Faransanci yana raba indépendante da principale, yawancin littattafan Ingilishi kuwa ba su damu da wanga rabo ba, independent clause da main clause kusan wuri ɗaya suke aje su.

Fara da farautar aikatau

Kar ka fara da tambayar me jimlar take nufi. Ɗauki bik ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau mai ɗauke da lokaci, wanda a Faransanci muke ce ma verbe conjugué. Inda babu irinshi babu ganga, komai tsawon maganar. Duba waɗannan biyu:

"after the match"
"after the match ended"

Ta farko ba ta da aikatau, yankin jimla ce kawai, phrase a Ingilishi, kuma a kula, phrase ɗin Ingilishi ba ita ce phrase ta Faransanci mai nufin cikakkiyar jimla ba, nan ɗalibai da yawa ke fara ɓata. Ta biyu tana da the match mai aiki, tana da ended aikatau, don haka ganga ce. Tsawo ba ya cikin lissafi ko kaɗan, "the tall boy in the blue shirt near the big mosque" kalma goma sha ɗaya ce amma ba ganga ba ce, "She laughed" kalma biyu ce kuma cikakkiyar jimla.

Masu yaudara su ne kalmomi masu wutsiyar ing da masu to a gaba, irin su "walking to the market" ko "to pass the exam". Suna kama da aikatau amma ba su ɗauke da lokaci. In ka yi shakka ga dabara, sa yesterday a gaban jimlar ka ga wace kalma ce za ta canza kama. "The girl selling milk greets everyone", ka sa yesterday, greets ta koma greeted, selling kuwa tana nan yadda take ba ta motsa ba. To greets ita ce aikatau na gaskiya, jimlar ganga ɗaya gare ta. Wanda ya kai sashen Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni zai tarar da manyan littattafan nahawu suna ba irin su selling milk wani matsayi na ganga marar lokaci, amma a matakin kolej da lise ka bar wannan tukuna. Ka kuma tuna "has been waiting" ko "will not come" aikatau ɗaya ake ƙirga su, kar ka ƙirga uku. Haka "She came and sat down", mai aiki ɗaya ne ya yi aiki biyu, littattafan lakol ganga ɗaya suke ɗaukarta.

Gwajin "sai me?"

Nan ne nake so ka daina jin tsoro, don kunnenka na Hausa ya riga ya iya wanga aiki tun kana ƙarami. In wani ya shigo fada ya ce "Sun iso tasha", shike nan kowa ya ji labari. In ya ce "Da sunka iso tasha" ya yi shiru ya ɗauki kofin shayi, ai kowa zai juyo ya ce to sai me? sai anka yi yaya? Mutanen su ne, isowar ita ce, tashar ita ce, amma ƙaramar kalmar nan da ta rataye maganar. Ganga dogarau kamar amalanke ce cike da buhunan albasa, ƙafafunta lafiya lau, kayanta ɗaure, amma ba a ɗaura mata jaki ba, nan za ta kwana. Haka abin yake a Ingilishi:

"The rain stopped."
"When the rain stopped"

Kalma ɗaya tak anka ƙara, ta farko tsayayya, ta biyu dogarau. Karanta gangar a fili, ka juya ta Hausa a ranka, in ka ji bakinka na son cewa sai me, dogarau ce.

Amma akwai wurin da mutane ke zamewa a wanga gwaji, dole in tsaya a kai. "He took it." Wani zai ce ai ban san wa ya ɗauka ba, ban san me ya ɗauka ba, don haka maganar ba ta cika ba. A'a, ta cika. Rashin sanin labari daban, ratayar magana daban. "Ya ɗauke shi" jimla ce ko ba ka san mai ɗaukar ba. Abin da kake saurare shi ne ko ginin maganar ya bar ƙofa a buɗe, ba ko ka ƙoshi da labari ba. In har yanzu kana shakka ga gwaji na biyu wanda ya fi na farko tsauri, gwada mayar da gangar tambaya mai amsar i ko a'a. "The bus has left" ta koma "Has the bus left?" lafiya lau. Gwada da "because the bus has left", duk inda ka juya ta ba za ta yi tambaya ba sai ka yar da because. Wadda ta yarda ta zama tambaya tsayayya ce.

Yanzu duba kalmar da ke bakin ƙofar gangar, don galibi ita ce mai rataye ta. Because saboda, although da though ko da yake, if idan, unless sai dai in, when lokacin da, while yayin da, before kafin, after bayan, since tun da, until har sai, as soon as da zarar, so that domin. Ba na ce ka haddace su kamar karatun allo ba, kowace ka haɗa ta da ƴar'uwarta ta Hausa ka ji yadda take barin magana a rataye, "da zarar ya zo", "sai dai in ka biya", za ka ji da kanka. Sai dai wasu daga cikinsu hula biyu gare su. Before, after, since da until suna iya zuwa gaban suna kawai ba aikatau, "since 1960", "before the prayer", a nan babu ganga. "Since Niger became independent in 1960" kuwa ganga ce dogarau don ga became nan. Shi ya sa na ce aikatau ake fara nema, in ka fara da kalmar ƙofa za ta yaudare ka. Haka because da because of, "because it rained" ganga, "because of the rain" ba ganga ba. Despite ma suna take bi, "despite the heat", ba a cewa despite it was hot, in kana son aikatau sai ka kira although.

Akwai wasu mahaɗai guda bakwai da ba sa rataye kowa, for, and, nor, but, or, yet, so, a haɗa haruffansu na farko a samu FANBOYS, kamar dai yadda munka rera mais ou et donc or ni car a firamare. Su aikinsu haɗa tsayayya da tsayayya, kowace da ƙafarta. "He was tired, but he came." Ganga biyu, duka tsayayyu. Ta yaya za ka tabbatar but ba irin although ba ce alhali ma'anarsu kusa take? Gwada ɗaukar gangar da mahaɗinta ka kai ta gaba. "He came although he was tired" ka juya ta koma "Although he was tired, he came", ba abin da ya lalace. Gwada da but, "But he came, he was tired", ta rushe. Mahaɗin dogarau yana manne da gangarshi duk inda ta je yana biye, na FANBOYS kuwa a tsakiya yake zaune ba na kowa ba ne.

Ga kuskuren da na fi gani a hannun Bahaushe, kuma dalilinshi a fili yake. A Hausa muna cewa "Ko da yake ya gaji, amma ya zo", daidai ne, ba mai gyara maka. Sai yaro ya kwashe ta haka ya rubuta "Although he was tired, but he came." Ingilishi ba ya ɗaukar biyun tare, although ta riga ta rataye ganga ta farko tana jiran tsayayya ta zo kai tsaye, but kuma tana neman tsayayya kafinta ba ta samu ba. Zaɓi ɗaya, ko although ko but. Haka because da so, ba a tara su a jimla ɗaya kan dalili ɗaya, "Because it was late, so we left" kuskure ne, cire so.

Sai however, therefore, moreover da ƴan'uwansu, waɗanda ɗalibai ke son zubawa don rubutu ya yi kama da na manya. Su ba sa mayar da ganga dogarau, kuma ba su da ƙarfin haɗa jimla biyu da waƙafi kaɗai. Alamarsu ita ce suna yawo cikin gangar, "However, he came", "He came, however", duka daidai, although ba ta taɓa yin haka. Don haka "He was tired, however he came" ba ta yi ba a rubutu, sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin however, sannan waƙafi bayanta, "He was tired; however, he came."

Wani amfanin gane dogarau da ba a cika faɗa ba shi ne zancen will. Faransanci yana cewa quand j'arriverai da lokaci mai zuwa, Ingilishi kuwa a cikin ganga dogarau ta lokaci ko ta sharaɗi ba ya sa will ko da gobe ake nufi. "When I arrive in Niamey, I will call you." Will tana cikin tsayayya kaɗai. "If it rains tomorrow, we will plant." In ba ka san wace ganga ce wace ba, ta yaya za ka san inda will za ta zauna?

Masu ɓuya a tsakiyar jimla

Waɗanda munka gani zuwa yanzu masu sauƙi ne don gaba ko baya suke tsayawa. Masu wuya su ne relative clauses, masu farawa da who, whom, whose, which, that, wani lokaci where, wato wanda, wadda, waɗanda, inda. Aikinsu bayanin suna, kuma sun iya shiga tsakiyar ganga tsayayya su raba ta biyu.

"The man who sells kilishi near the station is my uncle."

Aikatau biyu, sells da is, ke nan ganga biyu. Yaro mai gaggawa zai yanka jimlar tsakiya ya ce the man who sells kilishi ɗaya, is my uncle ɗaya, ya faɗi. Abin yi, tambayi kowane aikatau waye mai aikinka. Sells na who ne, is na the man ne. Sai ka zare who sells kilishi near the station gaba ɗaya, abin da ya rage ka manne shi, "The man is my uncle", ga tsayayyar nan ta fito. Wanga zarewa ita ce dabarar duk wata relative clause.

Abin da ke ruɗa wanda ya taso da Faransanci da Hausa shi ne Ingilishi yana iya yar da that ko which ko whom gaba ɗaya in su ne karɓau, wato abin da aikin ya faɗa ma. "The phone I bought is broken." Faransanci ba ya yar da que, mu ma ba ma cewa wayar na saya ta lalace, dole mu ce wayar da na saya. Ingilishi kuwa ya yarda. Alamar da za ka riƙe, in ka ga suna, sai wani mai aiki ya biyo shi nan take da aikatau nashi, the phone sai I bought, to akwai that a ɓoye tsakani, gwada sa ta, in ta zauna daidai ka kama dogarau. Kuma kar ka maimaita karɓau a ciki, a Hausa muna iya cewa yaron da na gan shi jiya, amma "the boy that I saw him yesterday" kuskure ne, that ta riga ta ci gurbin him.

Waƙafi a nan yana canza ma'ana, ba ado ba ne. "My brother who lives in Agadez is a driver", ba waƙafi, yana nuna ƴan'uwa maza da yawa gare ni, na Agadez nake nufi. "My brother, who lives in Agadez, is a driver", da waƙafi, ɗaya ne gare ni, zaman Agadez ƙarin bayani ne. Sunan da kowa ya riga ya sani waƙafi yake ɗauka, "The Kennedy Bridge, which opened in 1970, crosses the Niger River", ko "Alfaga, who won a silver medal in Rio in 2016, is from Niger." A irin wagga mai waƙafi ba a sa that, who ko which kaɗai, kuma ba a yar da su.

Kar kuma ganin who ko where ya sa ka yanke hukunci da wuri. "Who called you?" tambaya ce, tsayayya ce cikakkiya. "I know who called you", nan who called you ta zama dogarau. In tambaya ta shiga cikin wata jimla takan aje tsarin tambaya, "Where does he live?" ta koma "I don't know where he lives", does ta fita, mai aiki ya dawo gaban aikatau. Mai rubuta I don't know where does he live bai gane gangar ta zama dogarau ba ne.

Wannan ya kawo mu ga noun clauses, kuma gaskiya nan dabarar zarewa ba ta aiki, gara ka sani tun yanzu. "What she said is true." Zare what she said, me ya rage? is true, ba jimla ba. Dalili, gangar dogarau ita ce kanta mai aikin babbar jimlar, ba a gefe take ba, cikin ginin take. Dabarar nan musanya ce, sa it ko something a gurbinta, "It is true", ta zauna, to abin da ka musanya noun clause ce. "I believe that he is honest" ta koma "I believe it." A nan ma that tana iya ɓacewa, "I think he is right", he is right a ido kamar tsayayya take amma a cikin wagga jimla karɓau ce ta think, dogarau ce. Ka kula kuma da that mai nuni, "That boy is my friend", wannan that ɗin wancan take nufi, ba ta buɗe wata ganga ba.

Biyu sun rage masu saɓa ƙa'ida a ido. Umurni irin "Sit down" ko "Close the door" ba a ga mai aiki ba amma you na nan a ɓoye, tsayayya ce. Sai "Had I known, I would have come", babu if, amma juyawar had zuwa gaban I ita ce ta ci gurbin if, da na sani ke nan, dogarau ce.

Zancen aya da waƙafi bayan ka gane gangunan ba shi da yawa. Dogarau in ta zo gaba, sa waƙafi bayanta, "When the rain stopped, we went out." In ta zo baya galibi ba waƙafi, "We went out when the rain stopped." Dogarau ita kaɗai ba a buga mata aya, "Because I was sick." a baki amsa ce mai kyau in an tambaye ka why, amma a takardar jarabawa guntuwar jimla ce, manna ta ga tsayayya, "I stayed at home because I was sick." Tsayayya biyu kuma waƙafi kaɗai ba ya riƙe su, Faransanci ya yarda da propositions juxtaposées, Ingilishi na rubutu kuwa comma splice yake kiran abin kuma laifi ne. "The market was full, we bought nothing", gyara ta da aya, ko waƙafi mai ruwa, ko ka ƙara but bayan waƙafin, ko ka mayar da ɗaya dogarau, "Although the market was full, we bought nothing." Ni ta ƙarshen nan na fi so ɗalibi ya saba da ita, don tana nuna ma mai gyaran takarda cewa yaron ya san alaƙar da ke tsakanin maganganun biyu.

Zo mu gwada tare, kwafi wannan cikin kaye ka ja layukanka kafin ka karanta abin da ke ƙasa:

"When the rains end, the farmers who live near Galmi prepare their onion fields, but many young men travel to the coast because they need money. Their mothers know that they will come back before the next season begins."

Jimla ta farko aikatau biyar, end, live, prepare, travel, need, ganga biyar ke nan. When the rains end, sai me? dogarau. Who live near Galmi, ta shiga tsakanin the farmers da prepare, zare ta, the farmers prepare their onion fields ta tsaya da kanta, tsayayya ta farko. But ta FANBOYS ce ba ta rataye kowa, many young men travel to the coast tsayayya ta biyu, gwada ta da tambaya, do many young men travel to the coast, ta yi. Because they need money dogarau. Wato tsayayya biyu, dogarau uku.

Ta biyu ta fi dabara duk da ta fi gajarta. Aikatau uku, know, will come, begins. Their mothers know ita ce uwar jimlar, duk abin da ya biyo bayan that musanya shi da it, their mothers know it, ke nan noun clause ce. Amma a cikinta akwai wata, before the next season begins, dogarau cikin dogarau, ita tana jingine da will come back ne, ba da know ba, don dawowar ƴan cin rani ce ke da wa'adi, ba sanin iyayen ba. Kuma ka lura begins anka rubuta, ba will begin ba, ko da yake daminar ba ta zo ba tukuna, saboda ganga ce dogarau ta lokaci.

In ka gama da wannan, nemi tsofaffin takardun BEPC ko na BAC wurin yayyenka ko wurin mushe na Ingilishi, ɗauki nassin karatun da ke farkon takardar, sakin layi ɗaya ya isa a zama guda, jan bik ga aikatau, shuɗi ga kalmar ƙofa, inda ka ga ƙofa ba kalma ka rubuta that ƙarama a sama. In kuna da yawa ku yi shi biyu biyu, ɗaya ya karanta ganga a fili ya yi shiru, ɗayan ya ce ta tsaya ko ya ce sai me, wadda kunka yi gardama a kanta ku gwada ta da tambayar i ko a'a, in ta ƙi warwaruwa ku kai ma mushe ita washegari.